Yatsu Biyu a Kan Sufana

"Sa roba a ƙasa tukuna," in ji Baba Toma. "Kada ka ɓata mini ƙofar gida."

Ina kwance ƙarƙashin motar, bayana a kan tsohon buhu, sufana a hannuna. Na leƙo da kai ta bayan taya na dube shi. Yana zaune a kujerar roba, an lulluɓa masa zani a kafaɗa, ƙafafunsa da suka kumbura suna kan galan.

"Shekara goma sha tara motar nan tana zubar da mai a wurin nan," na ce. "Sai yau ka san ƙasa tana ɓaci?"

"Wancan ita ta zubar. Wannan kai za ka zubar."

Na jawo robar da ƙafa, na kwance notin da ake tsiyaye mai. Baƙin mai ya sauko da kauri kamar maɗi, ya bi mini hannu har gwiwa.

Sunana Hammawa. Bakanike ne ni, rumfata tana bakin hanyar Dass. Makaranta a aji huɗu na tsaya, abin da na sani a ƙarƙashin mota na koye shi. Gidana da na Baba Toma katanga ɗaya ce ta raba su, a nan Yelwa. Shi mutumin Bogoro ne, tsohon direban gwamnati. Da ya bar aiki ya sayi wannan a-kori-kurar. Fijo ce, fara ce a dā, yanzu ba ta da launin da za a kira da suna. Ya ɗauki itace da ita, ya ɗauki katifun ɗalibai, ya ɗauki bencinan coci. Amma abin da aka fi saninsa da shi, kai gawa gida. Mutanensu ba sa son a binne nasu a birni. In aka yi rasuwa kuma iyalin ba su da ƙarfi, ƙofar Baba Toma ake bugawa. Zai shimfiɗa tsofaffin tayoyi biyu a baya, a ɗora akwatin a kai, ya ɗaure da igiyarsa, ya kama hanya.

Motar kuwa tun da na san ta take yoyo. A ƙasan inji akwai kwanon da baƙin mai yake taruwa. Tsakanin kwanon da jikin inji akwai gasket, shi ne yake hana mai fita, shi ne kuma ya mutu tun tuni. Kullum da safe Baba Toma zai zaro ƙarfen duba mai, ya goge a wandonsa, ya ƙara rabin kwalba. Inda yake ajiye motar ƙasa ta yi baƙi ƙirin, faɗin tabarma. In an yi ruwa man ya gangaro ƙofata. Matata ta gaji da wanke takalman yara. Na yi masa magana ya fi a ƙirga.

"Kawo in shafa mata gam, minti talatin na gama."

"Gam aikin ragwaye ne," zai ce. "Akwai ranarta."

Ni kuma in ce masa ranar da motar nan ta bar wurin, baro uku na yashi zan zuba in rufe baƙin nan.

Ciwon ya kama shi bayan Ista. Wata huɗu motar ba ta motsa ba. Ranar Asabar aka sallamo shi daga asibiti, ba don ya warke ba. 'Yarsa Patricia, wadda ta zo daga Abuja, ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Baba Hammawa, likita ya ce kwanaki ne. Bai ce makonni ba."

Ranar Litinin da yamma ya aiko matarsa, Mama Jemima, ta kira ni. Na same shi a kwance, ɗakin yana warin magani.

"Mutum hamsin da uku na kai gida a motar nan," ya ce. "Duk a baya, a kwance, a rufe. Ba wanda ya ga hanya. Ni a gaba nake so in zauna. In ga duwatsun Dass, in ga yadda dawa ta yi bana. In na isa gida, abin da Ubangiji ya ga dama ya yi."

"Ai Patricia ta ce za ta ɗauko mota mai sanyi."

"Ta shiga abarta."

"To a cika mai, gobe in tuƙa ka."

"Je ka tada ta ka gani."

Na je. Muka tura ta ni da masu shayin bakin layi, ta tashi. Kafin minti biyar na ga abin da yake nufi. Zaman da ta yi ya busar da gasket ɗin ya tsage. Yanzu ba ɗiga take ba, tsiyaya take. Ba za ta kai Dass ba injin zai ƙone.

Da na koma na gaya masa, sai ya nuna ƙarƙashin gado. Mama Jemima ta jawo akwatin ƙarfe, ta ɗaga kayan aikinsa na gwamnati, ta fito da wani abu mai faɗi a naɗe cikin tsohuwar kalanda. Gasket ne sabo, irin na dā, mai laushi kamar totuwa, wanda yanzu ba a kawowa.

"A Jos na saya, shekara goma sha ɗaya ke nan," ya ce. "Ɗaya ne. Ka jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin ka sa, ya sha iska ya tsuke."

Abin da ya kai ni ƙarƙashin motar ke nan ranar Talata da hantsi, na rufe rumfata, na bar motocin mutane biyu a buɗe.

Noti goma sha takwas ne suke riƙe da kwanon. Goma sha shida suka fito ba gardama. Biyun baya ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji ya tare su, sai da na sassauta mazaunin injin, na sa jak da katako na ɗan ɗaga shi. Ƙasa da tsatsa suna zubo mini a ido. Bayana yana ciwo, don ni ma ba yaro ba ne, na haura hamsin. Da notin suka ƙare kwanon ya ƙi saki. Na miƙa hannu zan ɗauki sukundireba in ɓamɓare shi.

"Ajiye wannan," in ji Baba Toma.

"Ta ina ka gani?"

"Na ji ƙararta. Za ka lanƙwasa mini baki. Ɗauki katako ka buga a gefe."

Na buga sau uku, kwanon ya saki ya faɗo mini a ƙirji, sauran man ya wanke mini riga. Baba Toma ya yi dariya har ta koma tari. Mama Jemima ta fito da kofin ruwa ta tallafe masa kai.

"Ku biyun nan," ta ce, "ko a gaban Allah sai kun yi musu."

"Shi layinsa daban, nawa daban," na ce. "Ba za mu haɗu ba."

"Za ka neme ni," in ji Baba Toma. "Wa zai gaya maka ka yi kuskure?"

Na kankare tsohon gasket da reza, yana fitowa gutsi-gutsi kamar ƙanzo. Na wanke kwanon da fetur har ƙarfen ya yi haske. Ya ce in kawo masa. Ya ɗora shi a cinya, ya bi bakinsa da yatsa ɗaya, idonsa a rufe. Wajen ramukan noti huɗu ya tsaya.

"Ka ji nan? Ya yi tudu. Wani mai hannu irin naka ya taɓa ɗaure shi. Sa a kan katako ka daidaita."

Na daidaita da guduma. Gasket ɗin yana cikin kwanon wanke-wanken Mama Jemima, ya sha ruwa ya koma girmansa. Na tsane shi, na shafa masa giris kaɗan don ya zauna, na ɗora. Ya hau daidai, rami a kan rami.

"Yanzu ka saurara," ya ce. Muryarsa ta fara yin ƙasa. "Duk notin ka sa su da hannu tukuna. Sannan ka fara daga tsakiya, wannan gefe, wancan gefe, kana fita waje. Sufana kuma da yatsu biyu za ka riƙe ta, kusa da kanta. Inda yatsu biyu suka gaji, nan ne. Kada ka ƙara."

"Shekara talatin ina ɗaure noti, Baba."

"Shekara talatin kana karya su. Ina jin ka ta katanga."

Rana ta take, ya fara gyangyaɗi. Mama Jemima da Patricia suka kama shi suka shigar da shi ɗaki. Na koma ƙarƙashin motar ni kaɗai.

Na yi yadda ya ce. Wallahi na yi. Da hannu, daga tsakiya, yatsu biyu. Da na gama na kwanta ina kallon notin nan goma sha takwas. Sai na ga kamar ba a ɗaure suke ba. Na tuna ramukan hanyar nan, na tuna yadda motar take girgiza. Na ce a raina, mutumin nan direba ne, ba bakanike ba ne. In noti ya kwance a daji da mara lafiya a gaba, ni za a kalla. Na kama sufanar da hannu duka, na sake zagaye su, kowanne na ƙara masa rabin juyi. Ban ji wata ƙara ba. Na ji dai hankalina ya kwanta.

Na sauke injin, na ɗaure mazauninsa, na zuba sabon mai. Bayan la'asar na tada ta. Ta yi kuka mai daɗi. Na durƙusa ina kallo. Minti ɗaya, biyu. Sai wani siririn layi ya fito a gefen hagu, ya taru, ya ɗiga. Wani ya biyo shi. Na haska da waya. Gasket ɗin ya matso waje ta wuri biyu, ya tsage kamar leɓen da ya bushe.

Na kashe motar. Tagar ɗakinsa tana kallon inda nake, a buɗe.

"Hammawa."

"Na'am."

"Ya aka yi?"

Ni ba na iya kwana-kwana. Na je bakin tagar na ce, "Na ƙara masa hannu."

Ina jin numfashinsa, ina jin fanka tana juyawa.

"To," ya ce. "Gobe ka sayo takardar gasket, mu yanka wani. Zan nuna maka."

Da na ji maganarsa, da ranar Laraba da rana mun kama hanya. Ban ji ba. Na ce abin da na lalata shi zan mayar masa, irinsa sak, ba takarda ba. Da sassafe na hau babur na shiga gari. Na bi shagunan kayan mota ɗaya bayan ɗaya, daga Wunti har bayan tasha. Wani ya yi dariya ya ce motar ta girmi babansa. Wani ya ce in jira, ya aika sito, na zauna a benci awa biyu, aka dawo da na wata mota. Wani ya ce akwai a Jos, zai sa direba ya kawo gobe da safe. Na ce a kawo. Na dawo Yelwa ana kiran magariba, ban ci komai ba, hannuna ba komai.

Ban shiga wajensa ba. Na wuce ta gefen katanga kamar ɓarawo.

Ranar Alhamis direban Jos bai iso ba sai azahar. Na buɗe ledar a nan tasha. Na ƙirga ramuka: goma sha shida. Ko gwadawa ban yi ba. Na je shagon farko da na fara shiga jiya, na sayi takardar gasket faifai ɗaya. Tana nan rataye a ƙusa tun jiyan, na gan ta da idona.

Da na iso layinmu na tarar da wata mota mai baƙin gilashi a ƙofar gidan, direba yana ciki yana danna waya. Patricia tana tsaye, idonta ya yi ja.

"Kwana uku, Baba Hammawa," ta ce. "Kwana uku. Ga mota na ɗauko tun safe, ya ƙi shiga. Ya ce Hammawa yana zuwa. Yau ko kunu bai sha ba."

"Yau zan gama."

"Haka ka ce ranar Talata. Ka shafa mata gam mana, ko mene ne, ta dai tashi."

"Ba zai yarda ba."

"Ba sai ya sani ba."

"Zai ji warinsa," in ji Mama Jemima daga bakin ƙofa. "Sallami mai motar nan, Patricia. Shekara arba'in da shida nake tare da ubanki. Ba zai shiga ba."

Patricia ta juya ta shige ciki. Ba ta ƙara yi mini magana ba ranar.

Na sake tsiyaye man, na sake ɗaga injin, na sake kwance noti goma sha takwas. Na kankare gasket ɗin Jos, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana jira a akwati ya yi aikin minti uku. Na ɗauki kwanon da takardar na zauna a ƙasa, daidai ƙarƙashin tagarsa.

"Baba, ga ni."

"Ka sha yawo," ya ce. Sai da na kasa kunne sannan na ji shi.

"Na sha."

"Kife kwanon. Ɗora takardar a baki. Kana da ƙaramar guduma mai kan ƙwallo?"

"Ina da ita."

"Fara da rami biyu, kusurwa da kusurwa. Ka sa noti su riƙe. Sannan ka bi gefe. Bakin ƙarfen ne zai yanka, ba kai ba."

Na fara bugawa. Takardar tana yankewa a bakin ƙarfen, tana bin siffar kwanon.

"Ya yi ƙarfi," ya ce. "Ba ƙusa kake kafawa ba. Bar gudumar ta faɗi da kanta."

Na sassauta. Ƙarar ta canja, ta koma ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza tana tsattsagar tire. Bai sake gyara mini ba. Na yi rami goma sha takwas, na bi ciki, na bi waje. Ya ɗauke ni fiye da awa ɗaya. Masu keke suna wucewa, ɗalibai suna dawowa daga makaranta suna kallona. Hadari ya haɗu ta gabas ya watse bai zubar ba. Da na ɗaga takardar, gasket ne sosai, ba inda ya tsage. Na miƙa ta taga. Mama Jemima ta karɓa ta kai masa, ta dawo da shi.

"Ya ce ba laifi."

A bakin Baba Toma wannan babban yabo ne.

Da na shiga ƙarƙashin motar sai na ji an jawo kujerar roba. Na leƙa. Mama Jemima ce ta zauna, ta sunkuyo, hannunta a gwiwa.

"Mama, lafiya?"

"Ya ce in zauna in duba hannunka."

Na sa notin da hannu. Na fara daga tsakiya.

"Yatsu nawa?" ta ce.

"Biyu, Mama."

"Ina ganin na uku yana leƙowa."

Na naɗe shi. Wannan gefe, wancan gefe. Inda yatsun suka gaji na tsaya. Da na kai na ƙarshe hannuna yana ƙaiƙayi, notin nan suna kallona kamar ranar Talata. Na miƙa wa Mama Jemima sufanar na ce ta shiga da ita ɗaki.

Na tace man da tsumma na mayar, na cika da sabo. Rana tana gab da faɗuwa na tada motar. Na bar ta tana kuka minti ashirin, ina durƙushe ina kallo. Ban ga komai ba. Amma takarda sai ta kwana ake sanin gaskiyarta. Na samo farin kwali a shagon kusa, na shimfiɗa a ƙarƙashin kwanon, na danne da duwatsu huɗu.

"Baba, ka ji ta?"

"Na ji. Fulogi ɗaya yana tsalle."

"Zai kai mu."

"Gobe ƙarfe bakwai mu kama hanya," ya ce.

"Ƙarfe bakwai."

Ranar Juma'a da asuba da na dawo daga masallaci na jira gari ya yi haske. Na durƙusa na ɗauke duwatsun, na jawo kwalin. Fari fat. Tururuwa biyu ne kawai suke yawo a kai. Na kakkaɓe su, na nufi ƙofar gidan da kwalin a hannu.

Mama Jemima tana zaune a dakalin ƙofa. Takalmansa baƙaƙe suna gefenta, an goge su, hularsa ta tafiya tana kan cinyarta. Daga ciki ina jin muryar Patricia tana magana a waya, tana yi tana tsayawa.

"Ya tafi, Hammawa," ta ce. "Lokacin da kuke salla."

Na ce innalillahi.

"Ya tashi da wuri ya ce in sa masa riga, in ɗaura masa agogo. Na sa masa. Ya ce, 'Ta ɗiga?' Na ce ba ta ɗiga ba. Ban duba ba, na dai faɗa." Ta ɗago ta kalli abin da ke hannuna. "Ta ɗiga?"

Na juya mata kwalin.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta shafa shi da tafin hannu, ta duba tafin.

"To," ta ce. "Ban yi masa ƙarya ba."

Su ba sa binnewa a ranar. Aka kai shi ɗakin ajiye gawa, aka sa Asabar ta mako mai zuwa. Kwana takwas gidan yana cike. Matan zumunta na cocinsu suna zuwa da yamma suna waƙa a tsakar gida, matata tana dafa shinkafa tana miƙawa ta katanga. Na buɗe rumfata amma ban yi aikin kirki ba. Na canja fulogin da ya ce. Wani dattijon cocinsu ya ce mini kada in sa abin a raina, kwanansa ne ya ƙare. Na ce na sani. Na kuma san ranar Laraba da rana yana da rai, yana magana, idonsa yana gani. Wannan ban faɗa wa dattijon ba.

Ana gobe tafiya Patricia ta zo har rumfata. Ba ta zauna ba, ba ta kalle ni ba, motar da nake gyarawa take kallo.

"'Yan'uwa sun ce a ɗauko motar asibiti," ta ce. "Na ce a'a. A motarsa zai tafi. Kai za ka tuƙa."

"To."

"Za ta kai?"

"Za ta kai."

Ta tsaya kamar akwai saura, sai ta ce sai da safe, ta tafi.

Bayan an gama addu'a a coci, na shimfiɗa tayoyinsa biyu a baya. Aka ɗora akwatin. Na ɗaure da igiyarsa, irin ƙullin da na sha ganin yana yi. Mama Jemima ta ƙi shiga bas ɗin coci, ta zauna a gaba kusa da ni, hularsa a hannunta. Muna fita daga Yelwa ta juya ta zuge ƙaramar tagar da ke bayan kujera.

Ban wuce gudun babur ba. Motocin da ke biye da mu suka haƙura suka bi sannu. Da muka bar gidaje sai ta fara, ba da ƙarfi ba, bakinta kusa da tagar.

"Toma, dawa ta yi kyau. Ta fi mutum tsawo."

Can gaba ta ce, "An gyara gadar nan."

Da duwatsun suka fito, shuɗi-shuɗi, gajimare ya sauka a kansu, ta ce, "Ga Dass." Na cire giya na bar motar tana gangarawa da kanta. Ba ta ce in tsaya ba, ni ma ban tsaya ba.

Mun isa Bogoro kafin azahar, muka saki kwalta muka bi hanyar gona har ƙauyensu. Da aka sauke shi na zaro ƙarfen duba mai. Yana inda na bar shi.

A can aka bar motar. Ƙaninsa ya ce za ta riƙa kai musu amfanin gona kasuwa. Na nuna masa kwanon na ce kada kowa ya taɓa notin nan. Na dawo a bas ɗin coci, a kujerar baya, tsakanin tukwane.

Yau sati uku ke nan. Matata ta tambaye ni sau biyu zancen yashin, na ce mata baron yana wajen wani. Ɗazu da la'asar aka yi ruwa, ina zaune a zaure. Duk layin ƙasa ta shanye ruwan ta yi laka, ban da wurin nan mai faɗin tabarma. A nan ruwan tsayawa ya yi, ƙwaya-ƙwaya, sannan ya haɗu ya gangaro a hankali ta gaban ƙofata, da ɗan launin kore da ja a samansa. Kujerar robar tana jingine da bango ƙarƙashin tagar, ruwa ya taru a mazauninta.